Bel ɗin da Oga Ya Harɗe

Idona na hagu ya mutu ne a wurin fasa dutse. Ɓarɓashi ya tashi daga bakin guduma, bai fi ƙwayar dawa ba, ya shige. A asibiti aka wanke, aka ɗaure, aka ce in gode wa Allah da ya bar mini ɗayan. Na gode. Mai wurin ya ce ba zai ƙara ba ni guduma ba, kada na daman ma ya tafi a hannunsa. Na koma Bomo na gaya wa matata an sallame ni.

Daga nan na yi gadi a wani gida a Samaru. Ranar da aka sace batirin mota, matar gidan ta ce ai dama mai ido ɗaya rabin gida yake tsaro. Na koma na gaya wa matata an sallame ni. Sai acaɓa. Na ɗan jima ina ɗaukar ɗalibai, har ranar da wata bas ta fito mini ta hagu a Kwangila. Ban gan ta ba, ƙararta kawai na ji. Gwiwata ta fashe, mai babur kuma ya aiko aka karɓi makullinsa tun ina kwance.

Matata ba ta faɗa. Duk lokacin da na shigo da irin wannan labari sai ta ce, "Allah ya kawo wani," ta tashi ta jiƙa waken suya, don awara take soyawa tana sayar wa ɗaliban da ke haya a unguwarmu. Da za ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Bayan na ukun nan na yi wa kaina alkawari ba zan ƙara tsayawa a bakin ƙofarta in faɗi wannan magana ba.

Da na miƙe sai na koma tura kura a 'yan katako a Sabon Gari. A nan babu mai korar ka, amma kafin la'asar gwiwar ta kumbura ta cika ƙafar wando. Na san ba zan daɗe ba.

A cikin wuraren da nake kai kaya akwai shagon wani dattijo Bayarbe, kowa Oga yake ce masa. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gudu, sai ransa ya ɓaci yake komawa Yarbanci. Gajere ne mai tumbi, kullum cikin singileti, da fensir a bayan kunne. Inji uku gare shi: zarto, da na goge katako, da na fiƙa, wanda kafintoci ke ce wa tonin. Zarton yana hannun wani dogon mutum daga kudancin Kaduna, mawaƙin coci, mai rera waƙa da ƙarfi don muryarsa ta danne ta zarton. Mai Zarto muke ce masa. Injin fiƙa kuwa Oga ne da kansa, ba ya bari kowa ya taɓa.

Tsohon ƙarfe ne baƙi mai nauyi, an kafa shi da siminti a jikin bangon baya. In ka tsaya gabansa, kansa yana hagunka, wato inda ƙarfe mai haƙora ke cafke katako ya juya shi. A damanka akwai wutsiya mai tsini, da ɗan gare da ake murɗawa a matse katakon. Injin gas irin na masu niƙa ne ke jan sa. Yana zaune a ƙasa ta bayan kafaɗarka ta hagu, bel mai faɗi ya taso daga can, ya wuce ta gefen gwiwar hannunka, ya hau kan injin fiƙa. Babu murfi. Mai ido biyu yana hangen bel ɗin da wutsiyar ido, jikinsa ya san inda zai tsaya.

In na sauke kaya sai in roƙi ruwa, in tsaya ina sha a hankali. Oga zai ɗauko guntun madaci mai kusurwa huɗu, ya buga shi a haƙora, ya matse wutsiya, ya ɗora kurfi, ƙarfen sassaƙa mai ƙota, a kan dogon ƙarfen da ake jingina shi. Da farko ƙara ce kamar ana buga ƙofa da gaggawa. Can sai ta kwanta, askin katako ya riƙa fita dogo-dogo yana sauka a kafaɗarsa. Kafin in gama ruwan, guntun nan ya zama ƙafar tebur, sama da kauri, tana sirancewa har ƙasa, da zobe biyu a wuya. Kyan ƙafar bai dame ni ba. Ƙafafun Oga nake kallo. Tun da ya fara har ya gama bai yi taku uku ba.

"Mai Kura," in ji shi wata rana, bai ko waiwayo ba, "ruwan nan naka ba ya ƙarewa ne?"

"Ina so in koya."

Mai Zarto ya yanke waƙarsa. "Ɗan Bomo, mu masu biyu ma da addu'a muke shigowa nan."

Oga ya kashe inji ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya fi daɗewa a kan gwiwar fiye da idon.

"Shekarunka nawa?"

"Ban sani ba. Ina da 'ya'ya uku."

"To kai ba yaro ba ne, ba zan aike ka sayen abinci ba. Ɗauki samfefa."

Na daɗe a kan samfefa. Shi ya fiƙe, ni in goge, ƙura ta cika mini hanci har in na yi kaki ja ne. Da safe in tura kura, da rana in shigo shago. Ranar da ya fara ba ni kurfi, abin da nake tsoro ya faru. Mai ido ɗaya ba ya gane nisa. Ina ganin saura yatsa guda tsakanin kurfi da katako, ashe ya riga ya kai. Katakon ya fizge shi daga hannuna, ya tashi ya bugi kwanon rufi, ya faɗo kusa da zarto.

"Yesu!" in ji Mai Zarto daga ƙarƙashin teburinsa. "Oga, wannan ai maharbi ka ɗauko mana."

Oga bai yi dariya ba. Ya ɗauko kurfin ya duba bakinsa, ya mayar mini.

"Daina neman katako da ido. Ɗora kurfi a kan ƙarfe tukuna. Sauke ƙotar ƙasa. Bari bayansa ya fara shafar katakon, in ka ji shi a tafin hannunka sai ka ɗaga kaɗan-kaɗan har ya fara ci. Shi ke nan."

Ya kuma nuna mini yadda ake sanin katako ya zama mulmulalle ba tare da an kashe inji ba. Ka kwantar da bayan kurfi a kansa yana juyawa. In kurfin yana rawa, da saura. In ya kwanta, ya yi. Ya yanka mini ɗan falle mai tsaga uku, ɗaya na kaurin sama, ɗaya na tsakiya, ɗaya na ƙasa, ya ce in fara kai wuraren nan uku ga awo sannan in haɗa su. Da katakon malaina na fara, mai taushi da arha. Na ɓata da yawa. Matar Oga ta dafa abinci da ƙafafuna na farko.

Sannu a hankali suka fara fita daidai. Kafintocin Samaru suna yawan son ƙafa marar ado, ta teburin karatu da gadon ɗalibi, kuma wannan Oga ya gaji da ita, sai ya bar mini. Na mayar wa mai kura kurarsa. Gwiwar ta daina kumbura. In na dawo gida na wanke kai, matata takan leƙa bokitin ta ce, "Yau madaci kuka yi," ko ta ce, "Yau farin katako ne." Ba ta taɓa cewa ta ji daɗi ba, amma ta fara ajiye mini awarar farko, wadda ba ta sha mai ba.

Bel ɗin ne ban iya da shi ba. In kana sirantar da ƙafa, jikinka yana bin kurfi, ya je dama ya dawo hagu. Ni kuwa hagu duhu ne. Sau ɗaya ya goge ni a gwiwar hannu ya ɗauke fata kamar faɗin kwabo. Na rufe da tsumma na ɓoye. Amma Mai Zarto ya gani, don na lura tun ranar waƙarsa takan tsaya in na matsa wajen kan injin.

Ranar wata Juma'a, na dawo daga masallaci na cire kaftani na rataye, na bar wata tsohuwar riga a jikina. Wani kafinta yana zaune a bakin ƙofa yana jiran ƙafafun kujeru, yana ta duba rana. Na matsa hagu zan gyara wuyan ƙafar. A inda aka haɗa bakin bel biyu akwai ƙugiyoyin ƙarfe, su suka kama gefen rigar. Na ji an fizge ni kamar sa ya ja igiya. Haƙarƙarina ya bugi kan injin, rigar ta yage daga wuya har ƙasa ta tafi, tana zagayawa tana dukan ƙasa. Tsufanta ne ya cece ni. Da sabon yadi ne da tare muka tafi.

Mai Zarto ya tsallake tarin katako ya kashe injin gas. Kafintan ya tsere waje ya bar takalminsa ɗaya. Fata ta tafi daga hammata zuwa ƙugu, amma ƙashi bai karye ba. Aka kira mai kemis na kusa ya zo ya wanke ya shafa abin da ke da zafi fiye da ciwon.

Ina zaune a kan buhun dusar katako Mai Zarto ya tsaya gaban Oga.

"Oga, zan faɗa a gabansa don kada ta zama gulma. Mutumin nan ba ya ganin bel. Yau riga ce, gobe hannu ne. Kuma ka san yadda garin nan yake yanzu. In aka ce injin Bayarbe ya kashe Bahaushe ranar Juma'a, wa zai tsaya tambayar wane ido ne ba ya gani? Kafin magariba babu shagon nan, babu na maƙwabta."

Gaskiya ya faɗa. A shekarun nan ƙaramar jita-jita takan sa a rufe kasuwa, mata su kwashi yara suna gudu, ba wanda ya san abin da ya faru. Oga da kansa yana da jaka ɗaya a ɗaure a gida kullum, na taɓa jin ya faɗa.

"Ɗan Bomo," in ji Mai Zarto, "ba ƙin ka nake yi ba."

"Na sani."

Oga ya daɗe yana kallon injin. Sannan ya ciro wata rigarsa ta atamfa daga ƙusa ya jefo mini, don kada jini ya ɓata kaftanina.

"Sa wannan. Je ka gida. Ka dawo Litinin."

Na san wannan maganar. Duk wanda ya taɓa sallamata da ita ya fara.

Na shiga gida da rana tsaka cikin rigar Yarbawa mai manyan furanni, ta tsaya mini a cibiya, faɗinta kuma zai ɗauki mutum biyu irina. Matata ta dubi rigar, ta dubi yadda nake riƙe da gefena.

"Kyauta aka yi mini," na ce.

"Mai kyautar dai yana da ciki," in ji ta, ta ɗora ruwan zafi.

Ba ta tambaya ba, ban faɗa ba. Asabar da Lahadi na yi su a bakin gonar rake ta wani maƙwabci, ina zaune ina lissafin sana'ar da ta rage wa mai ido ɗaya da gwiwa ɗaya. Ban samu ba. Sai na koma shirya yadda zan faɗa mata ranar Litinin da yamma, da kalmomin da ban taɓa amfani da su ba. Su ma ban samu ba.

Litinin na yi sammako, don in karɓi maganar kafin kafintoci su taru. Tun daga nesa na ga tarin fasasshen siminti a bakin shagon. Na shiga. Injin fiƙa ba ya jikin bango. An jawo shi gaba, an bar fili tsakaninsa da bangon kamar faɗin ƙofa, gindinsa cikin sabon siminti mai duhu. Dogon ƙarfen da ake jingina kurfi an yanke shi, an yi masa walda ta ɓangaren bango. Bel ɗin kuma ba a miƙe yake ba, an harɗe shi a tsakiya, na sama ya koma ƙasa, na ƙasa ya koma sama.

Mai Zarto yana zaune a kan teburinsa da filasta a yatsu, ba ya waƙa.

"Sannu da zuwa, ranka ya daɗe," in ji shi. "Ka huta lafiya? Ni jiya daga coci ko gida ban je ba. Da farar rigar waƙa na fasa siminti. Matata ta ce in kai wa wanda na yi wa aikin ya wanke."

Oga ba ya aiki ranar Lahadi. Na taɓa ganin wani alhaji ya zo da aikin gida guda yana roƙo, ya ce masa ko gwamna ne sai Litinin.

Ya fito daga bayan injin goge da guntun malaina a hannu.

"Me kake kallo? Zagaya."

Na zagaya na shiga tsakanin injin da bango, na juyo. Kan injin yana damana. Na gan shi duka, haƙoran, da garen da bel ke hawa, da bel ɗin kansa yana tafiya gaba yana nisa da ni zuwa wajen injin gas. A haguna babu komai sai wutsiya, wadda ba ta motsi, sai bango. Ƙofar shago tana gabana, duk mai shigowa sai na gan shi.

Harɗe bel ɗin yana da dalili. Dole katako ya riƙa juyowa wajen mai fiƙa, yana saukowa kan bakin kurfi. In ka koma bayan inji ka bar bel a miƙe, katakon gudun ka zai riƙa yi, ya ɗaga kurfin sama, ba zai ci ba. Harɗewar ce ke juya tafiyar. Kuma da yake injin zai riƙa juyawa baya, ƙarfe mai haƙoran zai riƙa kwancewa da kansa, sai da suka ɗauko mai walda daga gidansa ya huda shi ya soke da ƙusa ya like. Duk wannan a yini ɗaya da rabi, su uku.

"Siminti bai gama kamawa ba," in ji Oga. "Yau samfefa. Jibi ka kunna."

Na ɗauki samfefa.

Da aka kunna, hannuna ya koma baƙo, sai da na sake koyo. Amma ni abin da zan manta kaɗan ne. Oga kuwa tun yana saurayi yake tsaye a wancan gefen. Na farko dai filin ya yi masa kaɗan, sai ya shiga a karkace yana jan numfashi.

"Oga, a hankali," Mai Zarto yakan ce, "kada tumbin ya riga katakon fiƙewa."

Na biyu, hannunsa ya ƙi yarda. Mutumin da ke fitar da zobe da ƙwallo a jikin ƙafa yana hira, sai ga shi kurfi na tsalle a hannunsa. Ya ɓata ƙafafun loko na teburin cin abincin wani malamin jami'a, katako mai tsada, sai da ya sake saye. Yarbanci ya yawaita a shagon. Kafintoci kuma suka samu abin yi.

"Oga, an ce injinka ya musulunta, ya juya gabas?"

"Ko Makka ya je, ƙafa zai fiƙe muku. Kawo katakonka ko ka ba ni wuri."

Wasu ba su tsaya wasa ba, suka kai aikin adonsu wani shago a Jushi.

Sai ranar da ya gama wata ƙafa, ya miƙa hannun dama zai kwance wutsiya kamar yadda ya saba shekara da shekaru. A dama yanzu haƙora ne, kuma ba su gama tsayawa ba. Farcen babban yatsansa ya tafi gaba ɗaya. Ya zauna a kan buhun da na zauna, mai kemis ɗin nan ya sake zuwa da abin nan mai zafi.

Da mai kemis ya fita na je na tsaya gabansa.

"Oga, a mayar da shi yadda yake. Ni zan tafi."

"Ina za ka?"

"Kura."

"Da wace gwiwar?"

Na sunkuya na dubi gwiwar.

"Siminti ya bushe," in ji shi. "Ka san wahalar fasa siminti? Tambayi wancan."

"Ni dai ba zan ƙara ba," in ji Mai Zarto, "ko fasto ne ya ce."

"To ka ji. Koma bakin aikinka, mutane na jira."

Daga nan maganar ba ta sake tashi ba. Yatsan ya warke da farce a murɗe. Oga ya riƙa ja da baya daga injin, yana bar mini, har aikin ado ya koya mini da baki, yana tsaye daga gefen da babu kurfi yana nuni da fensir. Shi ya koma bakin ƙofa yana wasa kurafu a dutse yana faɗa da kafintoci. Wani lokaci in na ɗaga kai sai in gan shi yana kallon katakon da ke juyawa, hannunsa na dama yana motsi a kan cinyarsa. Ya so injin nan. In aiki mai wuya ya zo yakan shiga ya yi da kansa, a hankali, ba ya magana da kowa, amma bai sake yin saurin da ba.

Bel mai harɗe yana cin kansa a inda ya gitta, bai kai rabin kwanan miƙaƙƙe ba. Duk sanda ya tsinke Oga yakan zagi bel ɗin, ya zagi wanda ya sayar masa, ya zagi kamfanin da ya yi shi. Ni bai taɓa haɗawa da ni ba.

Na yi ƙoƙarin godiya. Ban iya magana mai tsawo ba, sai na riƙa kawo abu. Na kawo rake, ya ce haƙoransa sun tsufa, ya shanye. Matata ta aiko da awara, ya ce mu Hausawa ba mu san yaji ba, ya aika a tambaye ta ko akwai saura. Da Sallah na kai masa cinya. Da Kirsimeti yakan kira ni in yanka masa kaji da hannuna, don in an dafa in ci. Sau ɗaya na same shi shi kaɗai na ce, "Oga, abin da ka yi mini ranar nan..."

"Me na yi maka? Injina na gyara. Haske ya fi shigowa ta nan."

Haka muka yi shekaru. Waɗanda suka tafi Jushi wasu sun dawo. 'Ya'yana suka shiga makaranta, babbar ce ma ta zaunar da ni ta koya mini haɗa baƙi.

Wajen ƙarshen shekarun nan ciwon suga ya kama Oga, ƙafafunsa suka fara kumbura, 'ya'yansa da ke kudu suka matsa sai ya koma kusa da su. Aka sa ranar rufe shago. Injin goge wani ya saya. Zarto ya bar wa Mai Zarto, wanda ya samu wuri a Zabi. Saura na fiƙa. Wani mai shago ya zo ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce ƙarfe ne na gaske, zai saya, in ya kai sai ya sa a mayar da shi daidai. Ina tsaye a bayan injin da kurfi a hannu. Ban ɗaga kai ba. Na fara shirya kalmomin nan da ban samu ba a gonar rake.

"Ba zai maka amfani ba," in ji Oga. "Ya lalace."

"Ina ya lalace? Ga shi yana aiki."

"Ni da na yi shekara da shekaru da shi na ce maka ya lalace." Ya juyo wajena. "Mai Kura, kai ka ɓata mini inji, ga shi ba mai saye."

"Oga, ni fa na ce zan saya," in ji mutumin.

"Ba mai saye. Kwashe tsiyarka, har da na gas ɗin, kada mai gida ya zo ya ce na bar masa shara."

Washegari ɗansa ya zo da mota ya tafi da Oga tun da safe, ban same shi ba. Mai Zarto na tarar da guduma a hannu yana kallon simintin.

"Na rantse ba zan ƙara ba," in ji shi. "Ɗan Bomo, kai ne mutum na farko da ya sa na fasa siminti sau biyu a wuri ɗaya. Riƙe nan."

Wani kafinta a Samaru ya yarda ya ba ni gefen rumfarsa a kan hanyar Bomo. Muka ɗora injin a a-kori-kura da taimakon masu kura, abokan aikina na da. Na ce wa direba ya bi ta gida tukuna. Rana tsaka muka tsaya a ƙofar. Matata tana bakin kasko. Ta ɗago ta gan ni, cokalin ya tsaya a hannunta, don ta san abin da ke kawo ni gida a wannan lokaci.

"Malam, lafiya?"

"An sallame ni."

"Har da injin aka kore shi, uwargida," in ji Mai Zarto daga bayan mota.

Ta zo ta zagaya motar, ta taɓa baƙin ƙarfen da yatsa ɗaya. Ba ta taɓa ganin sa ba sai ranar.

"Wannan ne ya ci rigar?"

"Wa ya gaya miki?"

"Mutum ya fita da riga ya dawo da ta wani, yana tafiya a karkace, sai an gaya mini?" Ta koma bakin kasko ta kwashe awarar da ta fara ƙonewa. "Ku sauko ku ci kafin ku kai shi."

Makanikin da ya zo kafa injin gas a rumfar ya ce tun da wuri sabo ne, zai juya na gas ɗin kawai, bel ya tafi a miƙe, ya fi daɗewa. Na san gaskiyarsa. Na ce ya harɗe. Ya ce asara ce. Na ce na ji, ya harɗe.

Bayan 'yan kwanaki Mai Zarto ya zo a kan babur yana miƙo mini wayarsa, ya ce Oga ne. Muryar tana nesa, ga hayaniyar jikoki.

"Mai Kura, siminti ya bushe?"

"Ya bushe, Oga."

"Kan yana dama?"

"Yana dama."

"To me kake jira? Kunna."

Na ce, "Oga, na gode." Na faɗa da ƙarfi, har kafintan ya waiwayo. Mai Zarto ya karɓi wayar ya duba, ya ce katinsa ya ƙare, bai san ko kafin maganar ba ne ko bayanta. Na mayar da kurfi kan ƙarfe, shi kuma ya je ya tayar mini da injin gas.